Bahon Gidan Manaja

Kwana biyar ke nan Arzika bai ci abinci ya ji daɗinsa ba, kuma duk saboda baho guda. Baho ne na baƙin ƙarfe mai ƙafa huɗu, a banɗakin gidan manajan wani kamfanin auduga a Gusau. Masu fenti biyu sun taɓa gwada shi, ruwan zafi ya kwaɓe musu aiki kafin wata ya mutu. Shi ne Manajan, wani Bature, ya aika Bungudu aka kira Arzika, wanda ya yi suna wajen fentin jikin motocin kaya, ya ce masa in fentinsa ya jure ruwan zafi za a ɗauke shi aiki dindindin. In ya ɓare kuwa, za a kawo wani daga Zariya.

Arzika ya kankare tsatsa da samfefa har yatsunsa suka yi jini, ya goge ƙarfen da fetur, sannan ya tafi sallar Juma'a. Da ya dawo ya shafa jan fenti na ƙasa, kashegari fari, bayan kwana biyu ya ƙara fari. Kullum da hantsi sai ya zo ya durƙusa yana shinshina bahon kamar mai sayen daddawa. Damina ce, fenti ba ya saurin bushewa, shi kuwa tsoro ya hana shi zama.

Ranar da Manaja zai dawo daga rangadi a Tsafe, Ishaya kuku ya leƙo banɗakin yana murmushi. Dattijo ne mai kirki, irin kirkin nan da ba ya tambaya kafin ya taimaka.

“Malam Arzika, aiki ya yi kyau. Amma ka gode mini fa. Ran Juma'a da ka tafi masallaci na ga hadari ya taso, sai na shafe ƙarfen da man gyaɗa kada tsatsa ta koma. Haka muke yi wa fartanya a gida. Na goge shi tas da tsumma.”

Arzika ya juyo da sauri.

“Mi kac ce, Baba? Mai kas sa ma ƙarhen ga?”

“Ɗan kaɗan ne.”

Ai ko kaɗan ne ya isa. Fenti ba ya kama mai, zama kawai yake yi a kansa.

“Ɗora mani ruwa a wuta,” in ji Arzika.

Ya tsiyaya tafasasshen ruwan a gindin bahon, ya tsaya yana addu'a a zuci. Da farko shiru. Can sai farin ya fara tasowa ƙulu-ƙulu. Ya sa farce, fentin ya biyo shi salalam kamar ɓawon dafaffen rogo. Ishaya ya dafe ƙirji. Sai ga ƙarar mota a bakin ƙofa.

Manaja ya shigo da takalminsa duk laka, ya dubi bahon, ya dubi mutanen biyu, ya tambaya da Hausarsa ta Turawa yadda aka yi haka. Ishaya ya buɗe baki zai yi magana. Shekara goma sha ɗaya yake gidan nan, da 'ya'ya shida a ɗakin baya.

Arzika ya riga shi.

“Ranka shi daɗe, ni ban wanke ƙarhen da kyau ba.”

Bature bai yi faɗa ba. Ya ce Arzika ya kwashe kayansa, ya juya ya ce wa Ishaya ya kawo shayi.

Arzika ya ɗaure burushinsa a tsumma, ransa a ɓace, haushin dattijon na cinsa har wuya. Yana fita ta bayan kicin ya hango Ishaya tsaye da farantin shayi a hannu, ya kasa ɗaga ƙafa. Arzika ya ce masa ya yi sauri kada shayin ya huce, ya kama hanyar tashar Bungudu.