Rediyo a Saman Bas

Tun suna aji uku a firamare ake kiransa Rediyo, domin duk abin da ya shiga kunnensa sai ya fito ta bakinsa ba ragi, har da tarin malamin lissafi. Wanda ya raɗa masa sunan kuwa Monita ne, wani siririn yaro mai littafin rubuta sunayen masu surutu, wanda bai taɓa buɗe sabon shafi ba sai da sunan Rediyo a layin farko. A haka dai suka zama aminai. Ikon Allah.

Yanzu shekara talatin da ɗoriya ke nan. Monita ya zama likitan haƙori, ya yi tumbi, ya yi sanƙo. Rediyo kuma shekararsa tara a ƙasar waje, a wani babban birni da mutane ke tahowa kallo daga ko'ina. A guruf ɗin tsofaffin ɗalibai na waya, kowa ya san yana "harkar yawon buɗe ido". Kuma fisabilillahi ba ƙarya ya yi ba. Manyan bas-bas ɗin nan masu hawa biyu, marasa rufi a sama, da ke zagayawa da baƙi cikin gari, ai shi ke wanke su.

Tun da asuba yake gareji da bokiti da buroshi. Ya share, ya goge, ya ɓamɓare cingam daga ƙarƙashin kujeru. Sannan ya bi kujera ɗaya bayan ɗaya yana soka abin kunne don ya tabbatar muryar da ke yi wa baƙi bayani tana fita. Kujera saba'in a kowace mota, shekara tara. Wace magana ce ba za ta zauna a kan Rediyo ba? Ya haddace bayanin garin nan kaf, tasha goma sha huɗu, har da wurin da matar da ke maganar take ɗan jan numfashi. Daga gareji sai ɗakin wankin wani otal har la'asar. Ranar hutu kuwa barci ne, da cefane, da kai yara aski. Abin da ya sani da idonsa a garin nan shi ne gareji, da ɗakin wanki, da ramin jirgin ƙasan da ke tsakaninsu.

Ana nan sai ga saƙon Monita a guruf: zai zo taron likitoci a garin su Rediyo, kuma ranar Asabar ba shi da komai. "Rediyo zai zagaya da ni," ya rubuta. "Zan kawo muku cikakken rahoto."

Rediyo ya kife wayar a kan gado.

"Baban yara, ka gaya masa gaskiya mana," matarsa ta ce tana ninke kayan makarantar yara a kan gado. "Wanki sata ne?"

"Ke ba ki san Monita ba. Mutumin nan rubutawa yake yi."

"To ya rubuta."

"Mutum arba'in da ɗaya ne a guruf ɗin nan! Akwai wanda ya ce in nema wa ɗansa aiki a ofishina."

Ta dube shi, ta dubi rigar aikinsa da ke rataye a bayan ƙofa, ta ce, "Ai akwai bokiti biyu a ofishin naka."

Ya riga ya gama shirya dabararsa. Za su hau motar, su zauna a sama, shi kuma ya riƙa ƙirga tashoshi da yatsu. Mota ta tsaya, ya zuba bayanin tasha ta ɗaya. Ta sake tsayawa, na biyu. Ina wahalar take?

Ranar Asabar ya ci kwat ɗinsa ta zuwa biki, ya kafa hular sanyi har gira, ya ɗora baƙin tabarau don kada direba ya gane shi. A bakin otal suka rungume juna har sai da mai gadi ya juyo.

"Rediyo! Kai ne ka rame haka?"

"Monita! Kai ne ka cinye sauran 'yan ajin?"

Suka yi dariya har da hawaye. Sai dai dariyar Rediyo ta tsaya cak da ya hango abin da ke leƙowa daga aljihun gaban Monita: ɗan littafi da biro.

A ƙofar mota, direban, wani dattijo mai farin gashin baki, ya tsura wa Rediyo ido. Rediyo ya yi tari, ya kau da kai, ya ja Monita suka haye bene. Monita ya miƙa hannu zai ɗauki abin kunne a kwando.

"Ajiye musu kayansu," Rediyo ya ce. "Me za ka yi da shi ga ni?"

Da farko abin ya tafi sumul. A tasha ta ɗaya ya miƙa hannu ya ce, "A damanka, tsohuwar majalisar gari, mai ginshiƙai goma sha biyu." Monita ya ƙirga, sha biyu cif. A ta biyu ya ce hasumiyar agogo, kuma ga ta nan tsaye, ƙatuwa. Shi kansa Rediyo sai da ya saci kallonta ta gefen tabarau, ya ce a ransa, ashe da gaske akwai ta. Monita ya rubuta wani abu yana gyaɗa kai. Rediyo ya ji kansa ya yi girma, ya ƙara murya, har wasu tsofaffin mata biyu da ke bayansu suka cire abin kunnensu suna kallonsa, ko da yake ba sa jin ko kalma ɗaya ta yarensa.

Abin da bai sani ba, ranar ana gasar tsere a tsakiyar gari, an rufe manyan tituna. Direba ya sanar ta lasifika cewa zai tsallake tasha uku ya bi ta baya. Kowa ya ji ban da Rediyo, don a lokacin yana tsakiyar bayanin nauyin ƙararrawar agogo.

Mota ta tsaya. Rediyo ya lanƙwasa yatsa na uku.

"A hagunka, fadar tsoffin sarakunan ƙasar nan. Shekara ɗari huɗu da ginawa."

Monita ya juya hagu. Wani gini ne mai hawa shida, ba taga ko ɗaya, motoci jere a kowane hawa.

"Wannan?"

"Ita ce."

"Ai kamar wurin ajiye motoci nake gani."

Gumi ya tsattsafo wa Rediyo a ƙarƙashin hula. Amma bakin da ya saba ba ya tsayawa. "To sarki ba ya da baƙi? A ina kake so su ajiye motocinsu?"

"Shekara ɗari huɗu?"

"An yi gyara."

Monita ya sake duban ginin. Ya rubuta.

Daga nan fa abin ya zama abin da ya zama. A gaban wani shagon sayar da katifu Rediyo ya ce nan aka binne babban jarumin ƙasar, a yi shiru don girmamawa. Monita ya cire hularsa. A gaban gidan mai ya ce lambun furanni ne mai iri dubu uku, amma ba lokacinsu ba ne. A wata mahaɗar titi ya nuna wani ɗan sanda da ke tsaye ƙyam ya ce gunkin tagulla ne, sai gunkin ya ɗaga hannu ya tsayar da mai keke. Rediyo ya san lissafi ya kwance masa. Ya gwada ƙara tasha ɗaya a lissafi, ya gwada rage biyu, yatsun suka rikice. Shi kuwa biron Monita bai huta ba, kuma duk layin da ya ja, Rediyo ji yake kamar mutum arba'in da ɗaya suna karantawa.

Don ya samu abin yi da hannunsa, ya shafa ƙarƙashin kujera. Cingam. Ɗanye ma. Bai san lokacin da ya zaro mukulli ya durƙusa ya fara kankarewa ba, yana ƙunƙuni. "Mutane ba su da imani. Jiya-jiyan nan na goge layin nan."

Ya ɗago. Monita na kallonsa.

Daidai nan motar ta yi kwana ta fara hawa gada. Rediyo ya koma kujera da sauri, ya gyara kwat, ya buɗe baki zai ce gidan tarihi. Sai gine-ginen suka janye gefe guda, kogi ya buɗe a gabansa.

Ya san tsawonsa, ya san zurfinsa, ya san gada nawa ke kansa. Sau dubu nawa matar nan ta faɗa masa a kunne. Amma ba ta taɓa gaya masa cewa ruwan yana ƙyalli haka da rana ba, ko cewa akwai yara a bakinsa suna jefa wa tsuntsaye burodi, yara sa'annin 'ya'yansa. Ya cire tabarau. Baƙin ciki ya kama shi, na gaske, ba na kunyar Monita ba. Shekara tara yana wucewa ta ƙarƙashin wannan ruwa a jirgin ƙasa, safe da yamma.

Har suka kai tsakiyar gada bai ce uffan ba. Ya ji ƙarar ɗaukar hoto a gefensa, bai ko juya ba.

"Ba ka taɓa ganinsa ba," Monita ya ce a hankali.

"Ban taɓa ba."

"Motar fa?"

"Wanke ta nake yi." Ya share ido da bayan hannu. "Tun yaushe ka gane?"

"Tun a ƙofa. Direba ya ce da ni, yau mai wankinmu ya yi kwat, ko aure zai ƙara? Kai kana can kana tari."

"Shi ne ka bar ni ina ta zuba? Har da cire hula a shagon katifa?"

"Haba Rediyo, shekara talatin ban ji ka ba. In kashe ka don me?"

Rediyo ya nuna littafin da haɓa. "Rahoton fa?"

Monita ya miƙa masa. Shafi huɗu cike: majalisa, sai a dawo da yaran Rediyo. Agogo, a dawo da yara da mamansu. Fadar sarki, a nemo ta gaskiyar. Jarumi, a tambayi mai katifa. A can sama kuwa, a layin farko, da manyan baƙaƙe, sunan Rediyo.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Surutu. Hannuna ne ya saba."

Wayar Rediyo ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ta, ya buɗe guruf. Hotonsa ne, tabarau a hannu, kogi a gabansa, baki a rufe ruf. A ƙasa Monita ya rubuta: "Jama'a, ga cikakken rahoto. Na ga abin da ya fi komai ban mamaki a garin nan. Rediyo ya yi shiru."

Saƙonni suka fara shigowa kamar ruwan sama. Wani ya ce ƙarya ne, haɗa hoton aka yi. Wata ta ce a kai shi asibiti.

Da motar ta dawo tashar farko, kowa ya sauka ban da su biyu. Direba ya leƙo ta matakala yana tambaya da hannu.

"Za mu sake zagayawa," Monita ya ce. Ya sauka ya ɗebo abin kunne guda biyu daga kwando, ya miƙa wa Rediyo ɗaya.

Rediyo ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya cusa a aljihu. "Na san abin da matar nan za ta ce. Matsa min in zauna ta gefen ruwa."

Sannan ya kira matarsa ya ce ta sa wa yara takalma, su zo su ga kogi.