Kabarin da Azéma Kaɗai Ta Sani

Duk shekara, ranar tunawa da matattu, Azéma kan shafa wa kaburburan dangi farar ƙasa, sannan ta ciyar da jikoki miyar kuɓewa da jatan lande. Mijinta Ozémé kuwa yana fadamar Atchafalaya wajen ɗana tarko.

Bana ita ma tana kwance a maƙabartar. Ozémé ya zo da bokitin farar ƙasa, jikarsa Clothilde na biye.

"Kaka, wanne ne na jaririnku da ya rasu?"

Ga ƙananan kaburbura a jere, ambaliya ta kwashe gicciyen da ke ɗauke da sunayensu. Azéma kaɗai ta san na ɗansu.

"Ke dai da tambaya kamar lauya! Miƙo buroshi."

Ya durƙusa da ƙyar, ya shafe su duka, yana kiran sunan yaron a kan kowanne.