Gidan da Ba Ya Hawa Mota

Shekarar da aka gano farin dutse a bayan gari, har mai wankin takalmi ya sayi agogo. Kamfani ya kafa injuna, manyan motoci suka cika titi, hayar ɗaki ta ninka sau biyar.

Labari ya iske Magini a ƙauyensu, tafiyar yini guda. Ya sayar wa wansa rabonsa na gonar gado, ya kwaso mata da 'ya'ya, ya sayi fili kusa da ƙofar kamfani. Maƙwabta suka kafa ɗakunan kwano da katako cikin mako guda, suka zuba 'yan haya. Shi kuwa ya ce ɗan Adam ba kifin gwangwani ba ne. Ya haƙa harsashi har ƙugu, ya zuba kankare a rufi, ya binne ƙofofin ƙarfe cikin siminti, ya bar rodi a tsaye don benen da zai ɗora. Shekara biyu yana gini. Shekara uku ya ci haya.

Sai dutsen ya ƙare. Masanan da suka ce zai kai shekara hamsin suka sake awo, suka ce ashe jijiyar dutsen ta yi gabas. Ta je ta ɓulla a ƙauyen Magini, kusa da gonar nan.

Maƙwabta suka zare ƙusoshi, suka loda gidajensu a mota, suka bi kamfani. Unguwa ta zama fili, gidan Magini a tsakiya, ɗaki shida, ko tsaga babu. Ya sa shi a kasuwa. Mutum ɗaya ya zo, mai sayen tsohon ƙarfe, shi ma rodin ya taya.

Ya aika wa wansa yana son magana. Wan ya zo cikin mota mai sanyi, ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango da makulli.

"Auta, ka yi gini. Wannan sai busa ƙaho."

"Yaya, gida nake so in dawo. Ko ɗan gefen gonar ne, inda zan kafa ɗaki biyu."

"Wace gonar? Rabi kamfani ya shinge, rabi 'yan haya. Inda Baba ke ɗaure akuya ma mutum huɗu ke kwana."

"Gefen rijiya fa?"

"Mai cajin waya ya kama." Ya ɗaga kai ya dubi rufi. "Da kwano ne, da mun kwashe yau. Kwano a can ya fi nama tsada. Tagogin nan za su ciru?"

"Sai an fasa bango."

"Ƙofofin?"

Matar Magini, wadda ta kawo ruwa ta tsaya, ta amsa masa.

"Yaya, ai ƙanenka ba ya aikin da za a cire. Ranar da yake dasa su, cewa ya yi jikokinsa za su gode masa."

"Za su gode," in ji wan. Ya sha ruwa. "Ga abin da zan iya. Ina ƙara ɗakunan kwano goma, ina neman mai aiki. Biyan yini. Akwai shago da leburori ke kwana, za a matsa maka."

"Iyali fa?"

"Su zauna tukuna. Gida kamar wannan a bar shi ba kowa?"

Makarantar unguwa ta rufe tun bara, famfo ya ɗauke tun da kamfani ya tafi da injinsa. Wan ya san haka, don ta gaban makarantar ya biyo. Magini ma ya san ya sani.

Ya shiga ciki ya haɗa cokalin gini, da igiya, da guduma a buhu. Wan ya leƙa buhun, ya ce ya bar cokalin, guduma kawai za a nema.

A bakin ƙofa Magini ya miƙa wa matarsa makullai shida a zobe ɗaya.

"In wani ya zo neman haya, kada ki karya farashi sosai."

Ta dubi titi, inda ciyawa ta fara cin sawun manyan motoci.

"To, Baban yara. In sun yi yawa zan sa su layi."

Motar ta tashi. Ta tsaya har ƙura ta kwanta, sannan ta ɗauki jarka biyu ta nufi rafi.