Baba Madalla Ya Sa Abin Kunne

Shekara talatin da ɗaya Baba Madalla ya yi a gindin injin niƙa. Ranar da ya sayar da injin ya huta, injin bai tafi hannu rabbana ba, ya tafi da kunnuwansa biyu.

Sunan ma daga nan ya samo asali. Da jinsa ya fara ja baya, maimakon ya ce "ban ji ba" kamar kowa, sai ya nemo kalma ɗaya ya dogara da ita. Ka gaishe shi, madalla. Ka tambaye shi ƙarfe nawa, madalla. Girman kai ne tsagwaronsa, amma ya yi masa aiki shekara bakwai cur, don yawancin maganar mutane dama madalla ta ishe ta.

Asiri ya tonu ranar da tela maƙwabcinsa ya shigo ido jawur, ya ce ɓarayi sun fasa masa shago, sun kwashe keken ɗinki biyu har da almakashi. Baba ya zuba wa bakin tela ido, ya jira ya daina motsi, sannan ya gyaɗa kai.

"Madalla, madalla," ya ce. "Allah ya ƙara."

Mako guda tela bai gaishe shi ba. Babbar 'yar Baba, wadda nas ce, ta zo a fusace ta ɗauki takarda ta rubuta masa da manyan baƙaƙe: GOBE ASIBITI. Ta ɗaura ɗamarar yaƙi, sai ga tsoho ya ce to, ba gardama. Ta ɗauka kunyar tela ce ta kama shi. Ina! Maganar tela ko a jikinsa. Abin da ke cin ran Baba yana cikin gidansa, yana wanke kwanuka.

Matarsa ce, wadda 'ya'ya ke kira Mama. A da ba mai yawan magana ba ce, amma tun da ya daina ji, sai ya lura bakinta ba ya hutawa. Tana shara tana magana, tana ninke kaya tana magana. Wani lokaci ta dube shi ta faɗi wani abu ta ƙyalƙyale da dariya, wani lokaci ta faɗa ta share ido da gefen mayafi. Idan ya ce "Me kika ce?" sai ta ɗaga murya ta ce, "BA KOMAI!" Shekara bakwai yana kallon wannan ba komai ɗin, kuma yana so ya ji shi kafin ya mutu. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

A asibiti likitar kunne ta sa shi a wani ɗan ɗaki mai ƙofa kamar ta firji, ta kifa masa abin sauraro a kai, ta ba shi madanni, ta nuna masa ya danna duk lokacin da ya ji ƙara. Ita ta zauna a waje, tsakaninsu gilashi. Baba bai ji ko ƙis ba, amma yana ganin hannunta. Da ta motsa yatsa, sai ya danna. Ya ci goma bisa goma. Likita ta dube shi ta saman tabarau, ta mayar da hannunta ƙarƙashin tebur, sai Baba ya zauna shiru da madanni a hannu.

Ta rubuta a takarda ta manna a gilashin: "Baba, ba jarrabawa ba ce. Ba a satar amsa."

Aka kawo masa na'urori kala uku a faranti. Ta farko babba ce, ana rataya ta a bayan kunne.

"Wannan ai sai a ce rediyo na ɗauko," in ji Baba.

Ta biyu da ɗan dama. Ta uku kuwa ba ta fi ƙwayar wake ba, tana shigewa can cikin kunne ba mai ganinta. Likita ta ce ƙaramar tana wahalar da yatsun manya wajen sawa, 'yarsa ma ta roƙe shi ya ɗauki babbar. Baba ya ce shi dai wake yake so. Aka gwada kunnensa, bayan mako biyu ya dawo aka sa masa.

Wai! Ashe duniya ba ta da kunya. Takardar da likita ta motsa ta yi ƙara kamar ana yaga kwano. Takalminsa na biye da shi, fat, fat, har ya waiwaya sau biyu. Suna shiga gida ya tsaya cak a falo.

"Wa ke niƙa a gidan nan?"

"Firji ne, Baba," in ji 'yarsa.

Da aka kawo abinci ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya ajiye cokali.

"Haka nake tauna shekara bakwai, ba wanda ya gaya mini?"

'Yarsa ta yi dariya har da hawaye. Shi kuwa duk wannan a gefe ne, kunnensa na wajen Mama. Ta fito daga kicin da kofin ruwa, ta ajiye, ta ce, "Sannu, Malam. Allah ya ƙara sauƙi." Muryar ta ɗan yi kauri fiye da yadda ya san ta, amma ita ce. Ya gyara zama yana jiran ci gaba. Mama ta ɗauki faranti ta koma kicin.

Shi ke nan fa. Bakin da ya yi shekara bakwai yana aiki ba hutu, ranar ya tafi yajin aiki. Kwana uku abin da Baba ya samu bai wuce "an kawo abinci" da "ruwan wanka ya yi zafi" ba. Ya ji kukan famfo, ya ji tarin tela ta bayan katanga, ya ji cikinsa na ƙugi, amma matar da ya je asibiti dominta ta zama kurma ta baki. Ya tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya lau. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

A kwana na huɗu da safe tsoho ya ƙulla dabara. Ya sa na'urorin a ɓoye a banɗaki, ya fito da ɗan akwatinsu a rufe, ya dire shi a kan tebur da ƙarfi.

"Na cire tsiyar nan!" ya faɗa da irin ihun da yake yi a da. "Ciwon kai take sa ni!"

Ya zauna a kujerarsa ya buɗe jarida. Mama na share falo. Ta dubi akwatin, ta dube shi. Ta ce a hankali, "Malam?" Baba ya juya shafi. Ta ce, "Gobara a kicin." Baba ko gezau, ko da yake sai da ya shaƙi iska ya tabbatar. Mama ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Kwana uku kamar na haɗiye dutse."

Sai famfon bakinta ya ɓalle. Ta fara da takalmansa da yake zubarwa a ƙofa, ɗaya gabas ɗaya yamma, kamar sun yi faɗa. Ta wuce kan matar tela, wadda ta ari tukunya tun watan jiya ta mayar da ita gado. Ta kwaikwayi muryar Baba, "Madalla, Allah ya ƙara," ta yi dariya har ta dafa kujera. Baba ya danne fuska a bayan jarida, gumi na tsattsafo masa.

"Kuma tsohuwar rigar sanyin nan taka da kake ta nema," ta ce tana goge tebur, "ba mai wanki ne ya ɓatar da ita ba. Ni na bayar. Na gaya maka ya fi sau ashirin, ka ce madalla, to ka yafe ke nan."

Rigar da ya yi wata biyu yana zargin mai wanki! Baba ya ciji leɓe, ya haɗiye.

Ta zo ta tsaya a gefensa da tsumma a hannu. Muryarta ta sauka.

"Dube shi. Jarida a hannu, tabarau a goshi, me kake karantawa? Tsoho mai taurin kai." Ta ninke tsumman. "Ka rame, ka sani? Ba ka cin abincin rana. Ni dai Allah ya sa in riga ka, don ban san yadda ake zama a gidan nan ba kai ba. Shekara arba'in da biyu, har yau in ka fita sai na leƙa ta taga na ga tafiyarka. Tafiyar ma ba kyau gare ta ba, kamar agwagwa."

Nan ne Baba ya kasa. Murmushi ya ƙwace masa, kumatunsa suka ɗaga. Na'urar hagu dama da gaggawa ya cusa ta, ba ta zauna daidai ba, sai ta motsa ta saki wani siririn fito, fiiiiii, daga cikin kunnensa.

Mama ta daskare. Baba ya yi maza ya tsuke baki, wai shi ne ke fito. Mutumin da bai taɓa yin fito ba tun yana saurayi.

Ta ɗauki akwatin ta buɗe. Fayau.

"Tun yaushe?"

"Tun... tun gobara."

"La ilaha illallahu!" Ta rufe fuska da tsumman goge tebur. "Laɓe, Malam? Da furfurarka? A cikin gidanka?"

"Ai ba laɓe na yi ba, a zaune nake."

"Ka ji ta riga?"

"Na ji."

"Ka ji ta... ta taga?"

"Har agwagwa."

Ta juya masa baya, kafaɗunta na rawa, bai sani ba ko dariya ce ko kuka. Sai tsoro ya kama shi, don ya ga alamar bakin nan zai rufe, rufewar da ba zai sake buɗewa ba.

"Me ya sa kika yi shiru da na fara ji?" ya tambaya.

"To da wane ido zan faɗa?" ta ce, ba ta juyo ba. "Da ba ka ji, in na faɗa, na faɗa maka kuma ban faɗa maka ba. Ka san daɗin wannan? Yanzu kowace magana sai ta sami mai ita."

Baba ya sa yatsu ya yi ta fama har ya zaro na'urorin biyu. Firji ya mutu, famfo ya mutu, duniya ta koma yadda ya saba da ita. Ya tashi ya zagaya gabanta, ya kama hannunta, ya zuba mata su a tafi.

"Ba don tela na je asibiti ba," ya ce, bai ma jin muryar kansa. "Don ke na je. Ki riƙe. In shirun ya fi miki, ki jefa su a kwandon shara, ni dai kar ki daina magana. Kallon ma ya ishe ni."

Mama ta daɗe tana duban 'yan ƙwayoyin nan a hannunta. Bakinta ya motsa, ya faɗi wani abu mai tsawo, Baba bai ji ko harafi ba. Sannan ta kamo kunnensa na dama, ba da tausayi ba, ta cusa guda ɗaya ta danna sai da ta zauna daram. Ɗayar ta ƙulle ta a gefen mayafi.

Abin da ya fara ji shi ne jan hancinta.

"Ɗaya ta ishe ka," ta ce. "Rabin abin da nake faɗa ba naka ba ne. Zauna. In ka katse ni sau ɗaya, ita ma zan karɓe."

Baba ya zauna, ya juyo mata da kunnen dama. Mama ta ɗauki tsintsiya, ta tsaya ta wannan ɓangaren, ta gyara murya.

"Ina muka tsaya? Yauwa, abincin rana."