Dillalin da Jarida ta Kashe a 1932

Alkalin Yerwa ya yanke hukunci ranar Litinin cewa Ba Ajimi, dillalin shanu na unguwar Abbaganaram, yana da rai, kuma yana iya komawa gindin bishiyarsa a kasuwar shanu. Hukuncin ya fara aiki ne daga ranar da aka yanke shi, wato 11 ga Maris, 1946. Bai shafi shekaru goma sha huɗun da suka gabata ba.

Maganar ta taso ne daga ƙullin turaren wuta. Matar Ajimi, Ya Kaltum, ta sayo shi a nannaɗe cikin tsohuwar jarida. Da ta ga rubutu, sai ta ƙi jefa takardar a murhu, ta aika wa Babakura, sarkin dillalai, wanda ya iya boko. Shi kuma ya karanta a gaban 'yan kasuwa: a daminar 1932, kogin Ngadda ya ci wani dillali mai suna Ajimi, ba a ga gawa ba.

Ruwan ya tafi da shi, babu musu. Bayan kwana huɗu ya dawo gida a kan jakin wani masunci, ya tarar an gama sadakar uku.

A kasuwar, ciniki ba ya faɗawa sai dillali ya haɗa hannun mai saye da na mai sayarwa, ya zama shaida. Babakura ya ce mamaci ba ya shaida, ya sa aka naɗe tabarmar Ajimi.

“Allah ya gafarta malam, ga ni tsaye,” in ji Ajimi a gaban alkali.

“Mun gan ka,” in ji Babakura. “Amma ni da bakina na ci wainar sadakarka. Da na ɗauka kuskure aka yi. To ga shi an buga.”

“Har ƙari ka nema!” in ji Ajimi.

“Na nema. Ya Kaltum ta iya waina.”

Alkali ya tambayi Kaltum ko tana da shaidar cewa mijinta na raye.

“Kullum sai ya cinye akushi guda, ya ce gishiri ya yi kaɗan,” ta ce. “In mamaci ne, a faɗa mini yau in huta.”

Alkali ya duba Ajimi, ya duba takardar. Ya ce abin da ido ya gani yau ya tabbata, amma abin da aka buga, wanda ya buga shi ne kaɗai zai warware. Ya sa magatakarda ya rubuta wa jaridar.

Ranar Talata Ajimi ya shimfiɗa tabarmarsa, ya haɗa hannu a kan bijimai uku. Wani makiyayi daga Tsohuwar Maiduguri ya zo da saniyar da ya saya ta hannunsa a 1938, yana tambaya ko tasa ce. An ce ya jira amsar wasiƙa.

Jaridar ta daina fita tun 1934.