Ƙullutun Inna Hajaratu

Malam Zainulabidin ya zuge zif ɗin tsohuwar jakarsa a gaban 'yan aji biyar, ya ɗaga ta sama don na baya su gani. Tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu ta Kabo ya koma ma'ajiyar karyayyun bencina, sai da abin da ya samu yake koyarwa.

"Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu, sai ta kwafi DNA ɗinta tukuna," ya ce. "Igiya biyu ce a haɗe kamar wannan zif. Sai ta zuge, kowane ɓari ya samo sabon abokin da ya dace da shi, haƙori bayan haƙori, A da T, G da C. Daga ɗaya an sami biyu iri ɗaya. Yanzu haka ana wannan aiki a fatarku da hanjinku."

Wata ɗaliba, Badi'a, ta ɗaga hannu. "Malam, ba a yin kuskure?"

"Ana yi, amma akwai masu bi suna gyarawa. Da wuya ɗaya ya tsallake."

Bai rufe baki ba masinja ya leƙo, ya ce wani direba ya kawo saƙo daga Gwarzo, likita na nemansa.

Hankalinsa bai tashi ba. Mahaifiyarsa, Inna Hajaratu, tana kwance a asibiti a can saboda ƙullutun da ya fito mata a wuya, an yanki ɗan nama an aika Kano. Shi ya riga ya gaya wa dangi maƙoƙo ne, kuma sun yarda, don shi ne mai ilimin boko a gidan. A tasha 'yan Hisba suna tsaye suna ware kujerun mata a bayan mota. Ya sayi lemo ya shiga gaba, yana tunanin yau za a sallame ta.

Dakta Gamaliel mutumin Filato ne, bai bi ayarin waɗanda suka kwashe kaya suka bar jihar ba lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a. Suka gaisa, ya tambayi iyali da ɗalibai, ya sake tambayar iyali. Sannan ya tashi ya tura ƙofa.

"Malam, ba maƙoƙo ba ne. Sankara ce, kuma ta riga ta kai huhu."

Zainulabidin ya zuba masa ido. Bakin likitan na motsi, yana bayanin yadda ƙwayoyi ke rabuwa ba tsayawa, amma shi kunnuwansa sun toshe. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Kuskure ya tsallake ke nan."

"Ka fi ni sanin wannan fanni," likitan ya ce a hankali.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata nawa?"

"Wannan sanin Allah ne. Amma da ni ne, gida zan mayar da ita cikin jikokinta."

Ya fito ya daɗe a baranda, riƙe da ledar lemon. Shekara da shekaru yana zana abin nan a allo, bai taɓa kawowa a ransa cewa a jikin Inna ma ana yinsa ba.

Ya same ta zaune a gado tana jan carbi. Kallo ɗaya ta yi masa.

"Zauna, ka gaya mini. Kada ka ɓoye."

Ya durƙusa gefen gadon ya gaya mata. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Wa ya sa mini?"

"Ba kowa, Inna."

"Ciwo irin wannan ba ya zuwa haka kawai."

"Jiki kullum cikin sabunta kansa yake, kamar mai saƙa yana kwaikwayon tsohon zane. Wata rana zare ɗaya ya kauce, duk abin da aka saƙa bayansa sai ya bi karkatar. Daga cikin jikinki ya taso."

"Ba a abinci ba? Ka rantse."

"Wallahi, Inna, ba hannun mutum a ciki."

Ya sunkuyar da kai yana jiran kuka. Sai ya ji ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Da ya ɗago, fuskarta a sake take, rabon da ya gan ta haka tun kafin ciwon.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Tun ranar da na ci danwaken ƙanwata Asibi wuyan nan ya soma, bayan mun yi cacar baki kan gonar babanmu. Ban gaya wa kowa ba. Sallarta ma in na gani, cewa nake ta munafunci ce."

Ya ajiye ledar lemon a gefen gadon.

"Tashi," ta ce, tana gyara mayafi. "In ka yi sauri za ka sami motar Gude, inda Asibi take. Ka ce mata ta zo da shirin kwana."