Babi na Biyar a Jikin Bango

Tana cikin jingina zanen hoto na huɗu da bango shugaban sashe ya shigo ɗakin jarrabawa, ya yi turus.

"Wannan kuma fa?"

"Babi na biyar na kundin bincikena ne, ranka ya daɗe."

Shekara uku ke nan tana digiri na biyu a kimiyyar muhalli, tana bibiyar rafin da ya ratsa ta bayan masana'antar batir. Duk wata sai ta ɗebo laka, ta auna rabi a ɗakin gwaji, sauran ta busar, ta niƙa, ta kwaɓa ya zama fenti. Da shi ta zana gidajen bakin rafin da matan da ke wanki a ciki. 'Yan ajinsu har sun laƙaba mata Mai Laka.

"Tun bara na faɗa miki, nan kimiyya muke yi, ba ado ba," in ji shi. "Ki kwashe tarkacen nan kafin malamin da zai jarraba ki ya iso, ko ki maimaita shekara."

Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Malam, sau uku ina kai wa mutanen unguwar takardar alƙaluma. Suka sa mini albarka, suka koma wankinsu. Ranar da na nuna musu wannan, na ce jan nan daga ruwansu ya fito, nan take wata tsohuwa ta fito da jikokinta daga rafi. Ba zan kwashe ba."

"Da ni kike?"

"Da kai nake, ranka ya daɗe."

Ya matso yana murmushin raini, ya goga babban yatsansa a kan jan fentin.

"Laka ce fa kawai, 'yata."

"Ka wanke hannunka kafin ka taɓa baki. Gubar dalma ce a ciki, ninki arba'in na abin da doka ta yarda. Tana shafi na sittin da biyu. Kai ka sa hannu a kai."

Ya dubi yatsan, ya dube ta. Sai ya fita neman famfo, hannu a sama kamar wanda ya ɗauki garwashi.

Ta leƙa baranda. Babanta kafinta, wanda ya haɗa mata katakon zanen, yana tsaye rungume da biyun da suka rage, duk ya ji abin da aka yi.

"In mayar da su gida ne?" ya tambaya a hankali.

"A'a, Baba. Shigo da su. Akwai wuri kusa da kujerar shugaban sashen."